Gidan Marayu na Ikkilisiya: Abin da Ya Kamata Mu Duba

'Yan'uwa, da yawa daga cikin ikkilisiyoyinmu suna riƙe da gidan marayu ko kuwa suna tallafa wa wani. Muna kai hatsi da sabulu lokacin Kirsimeti, mu yi addu'a, mu koma gida. Kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa tambaya: in wuta ta tashi da tsakar dare, ta ina yaran za su fita?

A watan Fabrairu na 2020, gobara ta kama wani gidan marayu kusa da Fatofirins, babban birnin Haiti, mutum 15 suka rasu, yawancinsu yara. Wata ƙungiyar addini daga Amurka ce ke tafiyar da gidan, ba kuwa da izinin hukuma ba. An ba da labari cewa janareta ya lalace, shi ya sa aka kunna kyandir. Sunan Ubangiji da ke kan gidan bai hana wutar ci ba.

Littafi Mai Tsarki bai raina irin waɗannan abubuwa ba. A Maimaitawar Shari'a 22:8 an umarci mai gina sabon gida ya yi wa rufinsa 'yar katanga, don kada wani ya faɗo alhakin jini ya hau kansa. To, mu duba namu gine-ginen. Tagoginmu duk da ƙarfe saboda ɓarayi, ƙofa ɗaya, a kan kuma kulle ta da kwaɗo daga waje. Ga kaskon gawayi da hunturu, ga maganin sauro mai hayaƙi kusa da katifa. Ɗakin kwana yana bukatar ƙofa biyu masu buɗewa waje, makulli a hannun babban da ke kwana a ciki, a kuma riƙa gwada fita da yaran har su saba.

Batun ma'aikata ya fi wuya. Sau da yawa mukan ɗora wa gwauruwa ɗaya dafa abinci, wanki, jinya da gadin dare, mu ce hidimar Ubangiji ce, albashinta ma sai ya yi watanni bai fito ba. Wadda ta yini a tsaye ba za ta ji kukan jariri da asuba ba. A raba aikin rana da na dare, a biya kan lokaci. Kafin a ɗauki kowa, a tambayi inda ya yi aiki a baya, ko da ɗan dattijon ikkilisiya ne. Kada babba ya keɓe da yaro a rufaffen ɗaki, fasto ma haka. Yaro kuma ya san wanda zai kai wa ƙara ban da mai kula da shi.

A Ayyukan Manzanni 6, da aka yi gunaguni kan rabon abincin gwauraye, manzanni ba su tsawata wa masu kuka ba, sai suka sa aka zaɓi mutum bakwai masu shaidar kirki. Mu ma muna bukatar kwamiti irin wannan, da mata a ciki, mai zuwa ba sanarwa. Kuɗi ya fita da sa hannun mutum biyu. Kowane yaro ya kasance da takardarsa: inda ya fito, danginsa, maganin da yake sha. A kuma yi wa gidan rajista a ma'aikatar jiha mai kula da harkokin mata da yara, a bar jami'anta su shigo su duba.