Wasiƙar Imel: Shaidar Ɗan Kasuwa Ranar Gardama

A kasuwannin kan iyaka irin su Jibiya, Ɗan Isa, Illela da Birnin Ƙwanni, yawancin ciniki da baki ake ƙulla shi, ko ta saƙon murya a WhatsApp. To amma kamfanonin Guangzhou da Dubai, da masu fiton kaya a tashar jirgin ruwa ta Lome, takarda suka sani. A nan ne imel ke da rana, domin yana ajiye magana da kwanan watanta.

Abu na farko shi ne kan wasiƙa: a sa sunan kaya da lambar oda. Bayan gajeriyar gaisuwa, sai a faɗi adadi, farashi da ranar isowar kaya, duk da alƙaluma. A kuma fayyace irin kuɗin. Dala ashirin a bakin mutumin Maraɗi sefa 100 ce, alhali a Kano dalar Amurka ake nufi. Rubuta FCFA, NGN ko USD ya kashe wannan ruɗani.

Haka kuma a lura da lokaci. Sin tana gabanmu da awa 7, Dubai da awa 3, saboda haka wasiƙar la'asar sai gobe za ta sami amsa.

Babban haɗari shi ne 'yan damfara masu ƙirƙiro adireshi mai kama da na abokin ciniki, su ce an canza lambar asusun banki. Duk wanda ya ga irin wannan saƙo, kada ya tura ko sisi sai ya kira tsohuwar lambar wayar da ya sani. Rigakafi dai ya fi magani.