Jirgin ƙasa na wasan yara: Yadda ya tashi daga hannun yara ya koma dukiyar dattawa

A watan Janairun 2024, kantin Hattons, wanda ya faro a birnin Liverpool na Ingila tun 1946 kuma ya shahara wajen sayar da ƙananan jiragen ƙasa na wasa, ya sanar da cewa zai rufe. A cikin watan ne kuma ƙungiyar Warley ta ce ta daina shirya babban baje-kolin da ta kwashe kimanin shekara talatin tana yi a Birmingham. Daga cikin dalilan da ta bayar har da cewa masu ɗawainiyar aikin sun tsufa, kuma babu isassun matasan da za su karɓa.

Abin da aka ƙera domin yara ya wayi gari mafi yawan masu riƙe da shi furfura ta cika musu kai. Wanda ya bi diddigin yadda hakan ta faru zai tarar da yaƙi, da kishin ƙasa, da ƙwace dukiya, da rufe masana'antu, duk a cikin akwatin kayan wasa.

Daga ina ya samo asali?

Ɗan ƙaramin jirgin bai daɗe da bin sawun babban ba. An buɗe layin dogo tsakanin Liverpool da Manchester a 1830, na farko a Jamus kuma ya haɗa Nuremberg da Fürth a 1835. Ba a jima ba maƙera suka fara kwaikwayonsa da katako da dalma da tagulla. Wasu na farko-farkon da tururi na gaske suke tafiya: a zuba ruwa, a kunna wuta a ƙarƙashi, a sake su a tsakar ɗaki ba tare da layi ba. Sukan bar sawun ruwa a kan darduma, idan kuma suka kife, gobara na iya tashi.

Wanda ya mayar da abin kasuwanci mai ɗorewa shi ne kamfanin Märklin na garin Göppingen a Jamus, wanda aka kafa a 1859 yana ƙera ƙananan kayan girki na 'yar tsana. A kasuwar baje-koli ta Leipzig a 1891, kamfanin ya nuna jirgin da ake murɗa wa mabuɗi kamar agogon da, yana gudu a kan layin da ake harhaɗawa gunduwa-gunduwa, mai ƙayyadadden faɗi. Hikimar tana cikin ƙayyade faɗin. Uban da ya sayi kan jirgi bana, baɗi zai dawo neman tarago, daga nan tasha, daga nan gada da fitilar ba da hannu, kuma dole duk su dace da layin da ke gida. Sauran kamfanoni suka ɗauki wannan ma'auni.

Yawancin jiragen wancan zamani da irin ƙarfen gwangwanin madara aka yi su, wato siririn ƙarfe da aka shafe da kuza don kada ya yi tsatsa. A nan labarin ya ɗan ratso Najeriya. Kuzar da aka haƙa a tsaunukan Jos a zamanin mulkin mallaka Ingila ake kai ta a narke, kuma shafe irin wannan ƙarfe na daga cikin manyan ayyukan da ake yi da kuza a lokacin. Domin kwaso ta ne Turawa suka shimfiɗa siririn layin dogo daga Zariya, wanda ya isa yankin Jos da Bukuru a 1914.

Yaƙi ya raba kasuwar

Kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, Jamus ce ke riƙe da kasuwar kayan wasa. Kamfanin 'yan'uwan Bing na Nuremberg shi ake ɗauka mafi girma a duniya a wannan fanni, har jiragen da aka yi wa fenti da sunayen kamfanonin jiragen Ingila a can ake ƙera da yawansu. Da yaƙi ya ɓarke a 1914, hanya ta toshe, bayan an gama kuma jama'a a Ingila da Amurka suka ƙyamaci kayan Jamus.

Frank Hornby na Liverpool ya ci moriyar wannan ƙyama. Ya fito da jiragensa a 1920, yana tallata su a matsayin kayan gida, kuma ya yi arzikin da har ya zama ɗan majalisar dokoki na jam'iyyar Conservative a 1931. Kamfanin Bing kuwa ya durƙushe a 1932 sakamakon karyewar tattalin arzikin duniya. Stephan Bing, wanda ya jagoranci wani sabon kamfani mai suna Trix, Bayahude ne, don haka a 1938 gwamnatin 'yan Nazi ta tilasta masa rabuwa da kamfanin, ya yi hijira zuwa Ingila.

A Amurka, Joshua Lionel Cowen ya kafa kamfanin Lionel a New York a 1900. Jirginsa na farko mai aiki da lantarki an yi shi ne don ya riƙa zagaye a tagar kanti ya ja hankalin masu wucewa zuwa ga hajar da ke ciki, sai masu saye suka ce jirgin suke so. A 1942 kamfanin ya dakatar da kayan wasa ya koma ƙera wa sojojin ruwa na'urori, har ta kai a 1943 jirgin kwali ya sayar wa yara saboda ƙarfe ya tafi fagen daga. Bayan yaƙi kasuwa ta buɗe. A 1953 cinikin Lionel ya kusa dala miliyan 33, kuma jirgi mai zagaye bishiyar Kirsimeti ya zama alamar gidan da ya samu rufin asiri.

Me ya kawo faɗuwarsa?

Abin da ya kayar da babban jirgi shi ya kayar da ƙaramin. A 1956 Amurka ta zartar da dokar gina manyan titunan mota masu haɗa jihohi. Jiragen sama suka kwashe fasinjojin dogon zango, a 1957 kuma Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron ɗan'adam na farko. Yaron da a da yake mafarkin zama direban jirgin ƙasa ya koma mafarkin zuwa sararin samaniya, ko ya nemi motocin tsere na lantarki. A Birtaniya, rahoton Richard Beeching na 1963 ya ba da shawarar rufe tashoshi sama da 2,300 da layin dogo kimanin mil 5,000, kuma a 1968 jiragen tururi suka daina jigila a manyan layukan ƙasar.

A 1959 Cowen ya sayar da hannun jarinsa ga wasu masu zuba jari ƙarƙashin jagorancin wani ɗan'uwansa, Roy Cohn. Wannan Cohn shi ne lauyan da ya yi wa Sanata Joseph McCarthy aiki a zamanin farautar waɗanda ake zargi da kwaminisanci, daga baya kuma ya zama lauyan Donald Trump. Ya karkatar da kamfanin zuwa wasu harkokin da ba su da alaƙa da kayan wasa, asara ta biyo baya, a 1967 Lionel ya nemi kariyar kotu saboda bashi. A Liverpool ma kamfanin da Hornby ya kafa ya koma hannun abokan hamayyarsa a 1964, masana'antarsa ta titin Binns kuma aka rufe ta a 1979.

Sunayen sun rayu, ayyukan yi ne suka tafi. Kafin shekarar 2000 an mayar da ƙera jiragen Hornby daga garin Margate zuwa China. Lionel ya rufe masana'antarsa ta jihar Michigan a 2001 ya koma Asiya. Märklin ya shiga hannun masu kula da kamfanonin da suka karye a 2009, sai a 2013 ya samu sabon mai shi.

Me dattawan suke saye?

Yaran shekarun 1950 sun girma, sun samu kuɗi, sun dawo neman abin da suka taɓa mallaka ko wanda iyayensu suka kasa saya musu. A wuraren gwanjo, abubuwa uku ke yanke farashi: ƙarancin kayan, lafiyar fentinsa na asali, da kasancewar kwalin da ya zo a ciki. Jirgin da aka sake wa fenti yakan yi ƙasa da wanda ya ɗan ƙoƙe amma ba a taɓa shi ba. Wani lokaci abin da ya yi kwantai shi ke zama zinariya. A 1957 Lionel ya fito da jirgi mai launin hoda domin 'yan mata, kasuwa ta ƙi shi, yau kuma yana cikin waɗanda ake rububi saboda kaɗan ne suka rage.

Sai dai kuɗi ba su bayyana komai ba. Hausawa na cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Mutumin da ya shimfiɗa layi a ɗakin ƙasan gidansa, ya jera tasha da masana'anta da gidajen ma'aikata, gari yake ginawa inda jirgi ke zuwa a kan lokaci, hayaƙi na tashi daga masana'anta, kowa na da aikin yi. Da yawansu sukan zaɓi shekarun ƙuruciyarsu su tsayar da agogo a nan. Mawaƙi Rod Stewart ya shafe sama da shekara ashirin yana gina irin wannan birni na Amurka ta shekarun 1940.

Wannan gari na kan tebur ya tace tarihi. A shekarun da jiragen Lionel ke tashe, fasinja baƙar fata a kudancin Amurka taragonsa daban ne. Hukuncin Kotun Ƙoli na 1896 da ya halatta wariyar launin fata, shari'ar Plessy da Ferguson, a kan kujerar jirgin ƙasa aka yi shi. A tsaunukan Jos kuma, tsakanin 1942 da 1944, dubban talakawa aka tilasta wa aikin haƙar kuza domin yaƙin Birtaniya. Ba kasafai ake ganin waɗannan a jikin ƙananan taragon ba.

Shi ya sa batun ya wuce na wasa. Kewar zamanin masana'antu ta zama jarin siyasa a Amurka da Birtaniya, inda 'yan takara ke alƙawarin dawo da ayyukan da suka tafi. Mai karatu a Kano ko Kaduna ya san irin wannan kewa, domin yakan ji ta duk lokacin da aka ambaci dalar gyaɗa, ko masaƙun Kakuri, ko jirgin da ke tashi daga Kano zuwa Legas. Asarar gaskiya ce, amma hoton da ake tunawa ya fi zamanin kansa tsabta, kuma mai neman ƙuri'a ya fi son hoton.

Ina aka dosa?

Sha'awar ba ta mutu ba, salonta ne ke sauyawa. A birnin Hamburg, wasu tagwaye, Frederik da Gerrit Braun, sun buɗe Miniatur Wunderland a 2001. Layin da ke cikinsa ya haura kilomita 15, kuma yana cikin wuraren da masu yawon buɗe ido suka fi ziyarta a Jamus. Cinikin Hornby ya ƙaru a lokacin kullen korona, sababbin jiragen kuma da wayar hannu ake sarrafa wasunsu.

Tsofaffin na gwangwani su ne makomarsu ke da rauni. Darajarsu ta dogara ne da mutanen da suka yi wasa da su suna yara, kuma wanda aka saya wa jirgi yana ɗan shekara goma a 1953 yanzu ya haura tamanin. Yayin da magada ke fito da akwatunan iyayensu zuwa gwanjo, kayan da ba su da yawa a duniya za su ci gaba da samun masu saye da gidajen tarihi. Sauran, waɗanda aka ƙera dubbai, suna jiran masu sayen da ba su taɓa jin kukan jirgin tururi a tasha ba.