Yadda Ake Ɗaure Doki a Jikin Bishiya Ba Tare da Haɗari Ba

A lokutan hawan Sallah a Minna, mahaya kan taru daga unguwanni da ƙauyuka domin raka Mai Martaba Sarkin Minna, Alhaji Umar Faruk Bahago. Yawancin dawakin baƙi ba su da turke a gari, don haka a gindin darbejiya ko mangwaro suke yini. Ɗaurin da aka yi da gaggawa a irin wannan wuri kan jawo shaƙewa ko karaya.

Doki dabba ce da ke neman gudu idan ta firgita. Da zarar bindiga ta tashi ko an buga tambari, sai ya ja da baya. Idan ya ji igiya ta riƙe masa ƙeya, sai ya ƙara ja da dukan nauyinsa. Saboda haka ba a ɗaure shi da linzami, domin ƙarfen zai iya yanka masa harshe ko ya raunata muƙamuƙinsa. Ragama ake sa masa, a ɗaura igiya a jikinta. Zarge a wuya kuwa shi ne mafi muni, domin ƙara matsewa yake yi duk lokacin da dokin ya fizga.

Bishiyar ta kasance ɗanya, mai kaurin jiki, kuma a jikinta ake ɗauri, ba a reshe ba. Ana naɗa igiyar sau biyu don kada ta zame ƙasa, a daidai tsayin kafaɗar dokin ko sama kaɗan. Tsakanin ragama da bishiya kada ya wuce tsawon hannun mutum, kimanin santimita 60 zuwa 90. Wasu kan saki igiya da yawa don tausayi, wai dokin ya samu ya yi kiwo, alhali ta nan ne yake zura ƙafa ya harɗe. Ƙullin kuma ya zama mai warwarewa da fizga ɗaya, sannan mai kula da dokin ya ajiye wuƙa kusa.

Kafin a ɗaure, ya kamata a duba sama ko akwai amya ko gidan rina, a kuma share ƙasa daga fasassun kwalabe da waya. A nisanta shi da zurma da bini-da-zugu, waɗanda 'ya'yansu ke da guba. Ingarmu biyu ba sa tsayawa inda shurinsu zai kai ga juna, balle idan da goɗiya a kusa.

Yanayin Minna ma abin lura ne. A zafin watan Maris inuwa kan gusa ta bar doki cikin rana, ga shi yana buƙatar ruwa lita 25 ko fiye a yini. Daga Afrilu zuwa Oktoba kuwa, da hadari ya haɗu sai a kwance shi a kai shi ƙarƙashin rufi, domin tsawa ta fi sauka a kan doguwar bishiyar da ke tsaye ita kaɗai.