Ruwan dafaffen ganye bai cancanci kwata ba

Idan damina ta kankama a ƙasar Daura, daga Sandamu har Baure da Zango, ganye ne ke rufa wa gidaje da yawa asiri kafin sabon gero ya shiga rumbu. Ga zogale, ga rama, ga tafasa da yaɗiya. A dafa, a tsane, a matse da hannu har ganyen ya dunƙule, a barbaɗa garin ƙuli-ƙuli da yaji da gishiri, a yanka albasa, kwaɗo ya haɗu. Abinci ne mai kyau, kuma man da ke cikin ƙuli-ƙulin yana taimaka wa jiki ya amfana da sinadarin bitamin A na ganyen. Matsalar tana wajen tsanewar nan. Koren ruwan da ake tuttularwa a kwata yana tafiya da wani kaso na bitamin C da folet da fotashiyam, domin dukansu narkewa suke a ruwa.

Akwai inda ba a yin wannan asarar. A kudancin ƙasar Amurka, a jihohi irin su Jojiya da Karolina ta Kudu, akwai wani ganye mai faɗi da kauri, ɗan uwan kabeji, da suke kira kolad. Jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka ne suka fi shahara da girka shi. Sukan fara dafa nama mai hayaƙi da albasa har romo ya yi ƙarfi, sannan su zuba yankakken ganyen, su rage wuta, ya yi ta dahuwa awa ɗaya ko biyu. A ƙarshe a ɗiga ɗan ruwan tsami da barkono. Romon kuwa ba a zubar da shi. Da burodin masara ake dangwala shi, ana ci tare da wake ko shinkafa. Mutanen da ba su da rarar abin zubarwa ne suka riƙe wannan dabara, kuma ita ce ta dace da mu.

Za a ce ai ruwan rama tsami ne, na tafasa kuma bauri da ƙarni. Gaskiya ne, kuma ga waɗannan biyun a zubar da ruwan farko bayan ɗan gajeren tafasa. Amma me ya hana a bar na zogale, alayyafo, kabeji ko ganyen wake? Ruwan zogale ma da yawa cikinmu suna shan sa a matsayin magani, to me zai sa a raina shi a kwanon abinci? Za a kuma ce yawanci da naman alade mutanen Amurka suke yin nasu romon. Ba sharaɗi ba ne. Musulmin can da talotalo mai hayaƙi suke yi, mu kuwa muna da bandar kifi, ƙashin rago da daddawa, waɗanda ba su rasuwa a kasuwar Daura ko ta Mai'aduwa.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na itacen da doguwar dahuwa ke ci, a yankin da ke fama da kwararowar hamada. Sai dai ganyenmu bai kai kolad kauri ba, don haka ba ya buƙatar doguwar dahuwa, wadda ita kanta tana kashe bitamin C. A sa ruwa kaɗan, iya wanda zai jiƙa ganyen, a rufe tukunya, a guji kanwa domin tana lalata wasu sinadaran, a sauke da zarar ya yi laushi. Ɗan romon da ya rage a zuba shi a kan dambu ko shinkafa da wake.