AL PASTOR: NAMAN DA YA YI KAMA DA SHAWARMA A MEKSIKO

Duk wanda ya saba zagaya Ikko ko Ibadan da dare ya san shawarma, wato naman nan da ake jerawa a dogon tsinken ƙarfe yana juyawa a gaban wuta. To, a ƙasar Meksiko, wadda ta karɓi baƙuncin gasar ƙwallon ƙafa ta duniya a 1970 da 1986, akwai wani nama wanda in baƙo ya hango shi sai ya rantse shawarma ce. Sunansa al pastor, kuma naman alade ne.

Kamannin nan ba banza ba. Tun ƙarshen ƙarni na 19 mutanen Labanan suka yi ta barin gida neman arziki. Waɗansu suka nufo Afirka ta Yamma, su ne Kwarori. Waɗansu kuwa suka haye teku zuwa Meksiko. Baƙin nan na Gabas ta Tsakiya su suka kai gashin tsinke birnin Puebla, inda aka fara sayar da shi wajen shekarun 1930. A can gida naman rago suka saba gasawa. Amma a Meksiko alade ya fi yawa, tun da mutanen Sifen suka shigo da shi a ƙarni na 16, saboda haka sannu a hankali ya maye gurbin rago. Kafin shekarun 1960 su wuce, gashin ya kafu a babban birnin ƙasar da jan yajinsa. Kalmar pastor ma'anarta makiyayi, tsinken kuwa trompo suke ce masa, wato katantanwa, domin tulin naman faɗi gare shi a sama, tsini a ƙasa.

Yanzu mahautan Meksiko, da kantunan 'yan ƙasar da ke Amurka, suna sayar da shi ɗanye a yayyanke, an riga an jiƙa shi cikin haɗi. Haɗin ya ƙunshi busasshen barkono da ake kira guajillo, da ruwan khal, da tafarnuwa, da abarba, da 'ya'yan wani itace mai suna achiote waɗanda ke ba shi jan launi. Sai dai uwargida ba ta da trompo a ɗakin girkinta, nan kuwa ake samun matsala.

Wadda ba ta sani ba takan juye naman duka cikin kasko. Nan take ruwa ya tsattsafo, naman ya dahu maimakon ya soyu. Gwanaye sukan tsane shi tukuna, su bar kaskon ƙarfe ya yi zafi jau, su zuba mai kaɗan, sa'an nan su riƙa sa naman kaɗan-kaɗan, ba sa motsa shi sai gefe guda ya yi gashi. Ba a yin nisa da wutar, gama zaƙin da ke cikin haɗin yana saurin ƙonewa. Har ila yau ɗanyar abarba tana da wani sinadari mai narka tsoka, in naman ya daɗe a cikinta sai ya yi lugub. Don haka akan soya abarbar daban. Daga nan a daddatsa naman, a ɗora bisa ƙaramar wainar masara da suke kira tortilla, a barbaɗa albasa da ganyen cilantro, a matsa lemun tsami.

Babban haɗarin shi ne jan launin yana ɓoye ɗanyen nama. Alade na iya ɗaukar ƙwayoyin tsutsar ciki, wuta kuwa tana kashe su. A 2011 Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka ta tsayar da cewa zafin cikin tsoka ya kai digiri 63 a ma'aunin Selshiyos, a kuma bar shi ya huta minti 3. Niƙaƙƙe kuwa sai ya kai digiri 71.

Ga matafiyin da ba ya cin alade, ko ɗan kasuwa ne ko ɗalibi, ido ba zai fisshe shi ba, domin yajin ya rufe kamannin naman sarai. Kalmomi kaɗan ne za su cece shi. Cerdo da puerco duk alade ke nan. Manteca kitsensa ne, wanda akan sa a wake da wainar alkama. Res naman sa ne, pollo kaza, borrego kuwa rago. In takardar leda ta ce al pastor kurum, to alade ne, sai fa in an rubuta sunan wani naman. Ko na kazar ne ma, ya kyautu mutum ya duba ko a faranti guda ake suyar. Hausawa dai sun ce matambayi ba ya ɓata.