Wa Ke Biyan Kuɗin Gyaran Ganuwar Ruwa?

Ran nan ina koya wa 'yan aji biyu labarin ƙasa, sai muka zo kan yadda kogin Kwara ya ke rarrabuwa kafin ya faɗa teku, watau irin wurin da a ke kira delta. Da na ambaci ambaliyar 2012 da ta 2022, waɗanda suka ci garuruwa a Bayelsa, sai wani ɗalibi ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, in an gina abin tare ruwa a bakin kogi, wa zai riƙa gyara shi, mutanen wurin ko Gwamnati?" Kafin in amsa aka buga ƙararrawa. Na yi masa alkawarin amsa a wannan shafi, ga ta kuwa. Zan ɗauko misali daga jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka, domin can an daɗe ana gardama a kan wannan tambaya tasa.

Da farko bari mu san abin da mu ke magana a kai. Tudun ƙasa ne dogo da a ke ginawa a gaɓar kogi don kada ruwa ya tsallako. Ni ina kiransa ganuwar ruwa, gama halinsa ɗaya da ganuwar birni: ginin ƙasa ne, in ba a yi masa gyara kowace shekara ba sai ya zaizaye.

A Kalifoniya akwai manyan koguna biyu, Sakramento daga arewa, San Wakin daga kudu. Sun gamu a wata babbar fadama gabas da birnin San Faransisko, daga nan ruwansu ya wuce teku. A shekarar 1850 Gwamnatin Tarayya ta miƙa wa jihohi irin waɗannan fadamu, aka sayar wa manoma. Leburori, galibinsu 'yan ƙasar Sin, suka yi ta tara ƙasa da shebur da baro suna kewaye fadamar yanki yanki, har ta zama tsibirai fiye da 50. Tsawon ganuwar duka ya kai wajen mil 1,100.

To, ga inda wahala ta fito. Ƙasar wurin ruɓaɓɓiyar ciyawar fadama ce wadda ta taru shekaru dubbai a cikin ruwa. Da aka janye ruwan aka shiga noma, sai ta bushe ta riƙa shanyewa, iska kuma tana kwasarta. Kowace shekara gona tana ƙara nutsewa kaɗan kaɗan, har yau akwai tsibiran da suka yi ƙasa da fuskar teku da ƙafa 20 ko fiye. Ka ga ke nan sunan tsibiri ne kawai gare su, amma siffarsu ta ƙwarya ce a cikin ruwa. Manomi yana tsaye a gonarsa, jirgin ruwa yana wucewa sama da kansa. Ganuwar sauran koguna sai damina ta ke ganin ruwa, amma wannan dare da rana, rani da damina, ruwa yana jingine da ita. Ga kurege da wasu dabbobin ruwa suna haƙa ramuka a cikinta, ga igiyar ruwa tana cin gefenta.

Kusan kashi biyu cikin uku na ganuwar nan ba na Gwamnatin Tarayya ba ne. Kowane tsibiri yana da 'yar hukumarsa ta masu gonaki, wadda doka ta ba ikon sa musu haraji gwargwadon ekar kowa, ta yi gyara da kuɗin. Shekara da shekaru haka a ke yi, Gwamnatin jiha tana ganin abin ya shafi masu gona ne kurum.

Sai a watan Yuni 1972 ganuwar tsibirin Andrus ta fashe, ruwa ya cika shi, ya shiga garin Isleton. Watan Yuni kuwa can rani ne, koguna sun ja baya. Ku lura da abin da ya biyo baya, don shi ne gindin maganar. Sa'ad da ruwa ya ke kwarara cikin wannan babban rami, tilas wani ruwa ya zo ya maye gurbinsa a cikin kogi. Tun da na tudu ya yi kaɗan, sai na teku mai gishiri ya kutso. A kudancin deltar nan kuwa akwai manyan famfuna da ke tura ruwa ta dogayen magudanai zuwa gonaki da birane, har Los Anjeles. Mutanen da su ke samun wani kashi na ruwan shansu daga nan yanzu sun fi miliyan 25. Dole aka rage aikin famfunan, aka saki ruwan da aka tanada a madatsun tudu don ya kore gishirin. Ashe ganuwar manomi ba tasa ba ce shi kaɗai.

Sabo da haka a 1973 majalisar jihar ta yi doka, baitulmalin jiha ya fara biyan wani kashi na kuɗin gyara. Abin da aka fara bayarwa kaɗan ne. Bayan babbar ambaliyar 1986 aka sake wata doka a 1988, aka ware dala miliyan 12 kowace shekara har shekara 10. Rabi an nufe shi ga ayyuka na musamman, galibi a tsibirai 8 na yamma, waɗanda suka fi kusa da ruwan gishiri. Ɗaya rabin kuwa ga yadda dokar ta tsara shi: hukumar tsibiri ta yi gyaran da kuɗinta, ta ɗauki nauyin dala 1,000 na farko a kan kowane mil, sa'an nan ta kai lissafi. Ma'aikatan jiha su zo su duba aikin, in ya yi, a mayar mata har kashi 75 cikin 100 na sauran. An kuma sa sharaɗi kada gyaran ya rage wa kifi da tsuntsaye mazauni.

A ganina akwai hikima a nan. Mutumin da ke kwana a gindin ganuwa shi ne zai fara ganin inda ta ke yoyo, kuma tun da akwai kuɗinsa a ciki ba zai yarda a yi masa aikin ha'inci ba. Amma tsarin yana da aibi. Wanda ba shi da kuɗin da zai fara aikin ba shi da abin da za a mayar masa, alhali kuwa sau da yawa tsibirin da ya fi rashin kuɗi shi ya fi bukatar gyara. Akwai kuma shekarun da lissafin da aka kawo ya fi abin da majalisa ta ware, sai kowa ya sami ƙasa da kashi 75 ɗin.

Kada kuma a zaci fashewa ta ƙare. Ran 3 ga Yuni 2004, rana tsaka ba hadari, ganuwar tsibirin Jones ta ɓalle, ruwa ya rufe wajen eka 12,000. Toshe wurin, da janye ruwan, da hasarar amfanin gona, sun ci kimanin dala miliyan 90, ba a kuwa gama janye ruwan ba sai a watan Disamba. Wani lokaci ma sai a ga kuɗin ceto ya fi darajar ƙasar, a bar wa ruwa abinsa. Haka aka yi da tsibirin Franks a 1938, da na Mildred a 1983. Na Franks yanzu tafki ne, masu kamun kifi ke yawo a kansa.

Malamai 'yan'uwana da za su koyar da wannan darasi, ku sami babban daro ku cika shi da ruwa, ku danna ƙwarya a ciki har ruwa ya kusa bakinta. Ku zuba shuni kaɗan a gefe ɗaya na daron, ku ce wa yara wannan shi ne teku. Sa'an nan ku karkata ƙwaryar ta sha ruwa, ku sa su duba inda shunin ya nufa.