Farantin da ke Tsakanin Inji da Giya

Shirinmu na musamman yau gareji zai kai mu, mu leƙa ƙarƙashin a-kori-kura mai giyar otomatik da aka sauya wa inji.

Tsakanin inji da akwatin giya akwai wani siririn farantin ƙarfe mai haƙora a kewayensa, ana ce masa fileksfilet. Tsakiyarsa a ɗaure take da wutsiyar kirankishaf, gefensa kuma da konbata, wadda ke cike da man giya tana miƙa ƙarfin inji ga giya. Haƙoran nan su kik ke cafka in ka murɗa makulli. Mai mota kan yi shekaru bai taɓa sa shi a ido ba, amma ranar sauya inji shi ne ke yanke hukunci.

A Amurka, inda sauya wa a-kori-kura inji ya zama ruwan dare, kanikawa sun ga abin da idonsu. Kamfanin General Motors ya fara sa sababbin injina masu lita 4.8 da 5.3 da 6.0 a motocin Chevrolet Silverado a 1999. Mutane suka yi ta ciro su suna haɗawa da tsofaffin giya irin su TH350 da TH400. Yawancin ramukan noti sun dace, sai a ɗauka aiki ya ƙare. Ashe wutsiyar kirankishaf ɗin sabon injin ta gaza ta tsohon da kusan milimita 10, hancin konbata ba ya samun wurin zama sai an ƙara zoben ƙarfe. Wani abin kuma, injin 6.0 na 1999 da 2000 doguwar wutsiya gare shi, na bayansu gajera. Suna ɗaya, faranti daban.

Haka Ford ta sauya nauyin da ake liƙa wa farantin injinta 302 a 1981. Ka sa tsohon faranti a sabon inji, mota za ta tashi, amma ta yi ta karkarwa har ta cinye beyarin. Tsofaffin injinan Chevrolet kuwa akwai mai haƙora 153, akwai mai 168, kowanne da kik ɗinsa.

To, injinan Beljiyam, wato na hannu da ake shigo da su daga waje, da muke saye a Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, sau da yawa da farantinsu suke zuwa, na giyar da suka baro a can. Nan ake yin ɓarna, kuma abin na ci mini rai, domin talaka ne ke biya.

Maigida bakanike, kafin ka ɗaga giya, tura konbata ciki kana juya ta da hannu, za ka ji ta faɗa sau biyu ko uku har ta zauna daram. Idan inji da giya suka haɗu, ya kamata konbata ta juya sakayau, da tazarar milimita 3 zuwa 5 tsakaninta da faranti. In ka ga bakin giya ya ƙi manne wa inji, to wani abu ya tokare. Don Allah kada ka jawo shi da ƙarfin sifana. Famfon man giya ne zai fashe, ko kirankishaf ta yi ta shan turi har ta lalace, ko farantin ya tsage kusa da notuna ya riƙa ƙwas-ƙwas, a ce inji ne ya buga.

Kai kuma mai mota, ka tsaya a ajiye tsohon faranti da sabo a gabanka, a ƙirga haƙora, a gwada ramuka, a auna zurfi. Kada ka yarda a ɗaura noti ko ɗaya kafin a yi wannan.